Sista

sista *suna, tamata, jam'i: sistoci.* Aro daga Turanci, inda ma'anarta ta asali 'yar'uwa ce.

1. Mace a ɗariƙar Katolika wadda ta keɓe kanta ga Allah ta hanyar wa'adi uku: zaman talauci, zama ba aure, da biyayya ga shugabanninta. Ba rana ɗaya ake kaiwa ga wannan ba. Dokar ikilisiya ta ce sai ta yi aƙalla wata 12 tana koyon rayuwar, sannan ta ɗauki wa'adin wucin gadi na shekara 3 zuwa 6, kafin na har abada. Ba ta jagorantar Mas, babbar ibadar coci, wannan aikin fada ne, wato limamin coci. Amma hidimar coci da yawa tana wuyanta: ita ce a aji da alli a hannu, ita ke koya wa yara katikisim, ita ke kai wa majinyaci Jibin Ubangiji a gida. Sistocin St Louis sun iso Kano daga Ailan a 1948, makarantarsu ta 'yan mata tana nan a Bompai. *Sista, ina kwana? Yaran sun hallara.*

2. Babbar ma'aikaciyar jinya a asibiti, ko wane addini take bi. *Sista ce ta ɗaure mini ciwon.*