Ƙauna, Bangaskiya da Bege a Bakin Kirista Mai Jin Hausa a Mokola

Duk wanda ya yi nazarin Sabo ta Ibadan sai ya bi ta kan Abner Cohen. A littafinsa na 1969 ya nuna yadda unguwar, wadda aka keɓe wa Hausawa a 1916, ta tsayu a kan fataucin goro da shanu, da yadda ɗariƙar Tijjaniyya ta ɗaure kan mazaunanta a farkon shekarun 1950 har suka ware masallacin Juma'arsu. A wannan bayani, zama Bahaushen Sabo da zama Musulmi Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Sai dai akwai wanda hoton bai ɗauka ba: Kirista mai jin Hausa, ɗan Kudancin Kaduna ko Filato ko jikan Maguzawa, wanda aikin soja ko gadi ko ƙwadago ya kawo shi Mokola, maƙwabciyar Sabo. Bayarabe na ce masa Bahaushe, a Sabo kuwa ana amsa gaisuwarsa da harshensa amma ba a lissafa shi ɗan gida. Baƙo ne sau biyu.

Abin da nake son nunawa shi ne, kalmomi ukun nan da Bulus ya jera a sura ta 13 ta wasiƙarsa ta fari zuwa ga Korintiyawa ba baƙi ba ne a Sabo. Masu fassarar Littafi Mai Tsarki, wanda ya fito cikakke da Hausa a 1932 bisa ƙoƙarin Dokta Walter Miller na Zariya da abokan aikinsa, ba su ƙirƙiro su ba. A bakin mutane suka tsince su.

Ɗauki bangaskiya. Asalinta ba da gaskiya ne, wato ka yarda da wani kafin ka ga sakamako. Haka cinikin shanun Ibadan ya gudana kamar yadda Cohen ya bayyana: mahauci Bayarabe ya karɓi sa bashi, dillali ya shaida, maigida ya tsaya wa baƙon fatake, ba takarda ba sa hannu. Kiristan da ya ji wannan kalma ranar Lahadi, ranar Litinin zai tarar da ita a kasuwa, inda ake auna ta da cika alkawari da biyan bashi a kan kari. Wanda ya ci amanar mai shago ya rushe wa'azin fastonsa, ko da muryarsa ta fi ta kowa a ƙungiyar mawaƙa.

Bege ya fi ban sha'awa. A zawiyoyin Sabo, bege shi ne shauƙin Annabi da ake rerawa cikin dare. A majami'a kuwa, sa rai ne ga alkawarin Allah. Wani zai ce ma'anonin sun yi hannun riga, kuma ta fuskar aƙida yana da gaskiya. Amma jijiyarsu ɗaya ce: zuciya ta rataya ga abin da ido bai gani ba. Mutumin da ya bar iyalinsa a Kafanchan yana aika musu kuɗi duk wata ba ya bukatar a fassara masa wannan.

Ƙauna ce mai wuyar sha'ani, domin ita ba ta ɓuya. An san Zumuntar Mata a majami'un arewa da dubiya da ta'aziyya da kai wa mai jego abinci, kuma mata kan tafi da wannan al'ada duk inda aure ko aiki ya kai su. Tambayar ita ce ko kwanon yana tsallaka katanga zuwa gidan maƙwabciya Musulma, ko kuwa a tsakanin 'yan majami'a kaɗai yake zagayawa. Rikicin kasuwar Sasa ta Ibadan na Fabrairun 2021, inda aka ƙona shaguna da gidaje, ya tuna wa kowa cewa ran tashin hankali harshe da kama ake dubawa, ba wanda ke tsayawa tambayar inda kake ibada.

Saboda haka ina ganin kuskure ne shugabannin majami'u su ɗauki sujada da Hausa a Ibadan a matsayin rangwame ga waɗanda ba su iya Turanci ba. Da wannan harshe ne membobinsu ke ciniki da gaisuwa da ta'aziyya a Sabo, don haka a bar musu shi ranar Lahadi ma.