Keke, Janareta da Kwamfuta: Tarihin Na'ura a Shagon Tela

A farkon shekarar 1851 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya zaga ƙasar Hausa da sunan Abdulkarim, ya shiga Kano ya iske birnin da sana'ar tufa ke ɗauke da shi. Ya rubuta cewa kayan da ake saƙawa ana rinawa a Kano suna kaiwa Timbuktu ta yamma, ta arewa kuma har Murzuk da Gat da Tarabulus. A watan Agustan wannan shekarar ne, can a Amurka, Isaac Singer ya sami takardar mallakar keken ɗinkin da ya ƙera. A lokacin, duk rigar da aka baje a Kasuwar Kurmi da allura aka haɗa ta tun daga wuya har ƙasa.

Riga guda kan bi ta hannu da yawa kafin ta hau jiki. Mata su kaɗa zare a cikin gida, masaƙa su saƙa shi siri-siri, maɗinka su harhaɗa, marina su tsoma, mabuga su buga har ta ɗauki ƙyalli. Aikin wuya da na aljihu shi ne mai cin lokaci. Sau da yawa malami ne ke zana shi da alƙalami da tawada, aska biyu ko aska takwas, sannan almajirai da gwanayen surfani su bi zanen da zaren tsamiya ko alharini. Rigar sarauta takan ci watanni, kuma ba mai ƙorafi, domin daɗewar aikin tana cikin abin da mai riga ke saye.

A Turai keke bai shiga da sallama ba. Wani tela Bafaranshe, Barthélemy Thimonnier, ya ƙera nasa a 1830, ya jera guda 80 a wani ɗaki a Paris yana ɗinka kayan soja. Shekara na zagayowa teloli 'yan uwansa suka auka wa wurin suka farfasa kekunan, don tsoron kada a raba su da abincinsu. Shi kuwa Singer tsada ce ta tare masa hanya: kekensa ya haura dala 100, kuɗin da talakan Amurka na wancan zamani sai ya yi watanni yana aiki bai tara ba. Abokin kasuwancinsa, lauya Edward Clark, shi ya warware matsalar a 1856. Ya ce a ba da ɗan kafin alƙalami a ɗauki keke, sauran a riƙa biya wata-wata. Kamfanin ya kuma baza wakilai masu koya wa mutane aiki da keken, su gyara shi in ya lalace. Akwai kekunan da ba su gaza na Singer kyau ba, amma tsarin biya da tsarin gyara ne suka kai sunansa ƙasashen duniya.

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kantunan Turawa suka biyo shi, Sabon Gari ta cika da baƙi daga kudu waɗanda suka saba da ɗinkin kwat da wando. Ta wannan ƙofa keke ya samu shiga, kuma da ya shiga bai sha wahalar zama ba. Ƙafa ke tuƙa shi. Abin da yake nema ɗan mai ne, da bel, da allura. In ya kafe, akwai makaniki a bakin kasuwa da zai kwance shi ya mayar kafin la'asar. Ana gadonsa, ana sa shi a kayan ɗakin amarya, matar da ke cikin kulle tana cin abinci da shi ba tare da ta taka ƙofar gida ba. Da Butterfly na Shanghai ya zo da araha, har wanda ba shi da shago ya ɗora kan keke a kafaɗa yana bin unguwa yana kaɗa almakashi. Fagge ta yi suna da teloli, sunan da har yau bai ɓace ba.

Sai dai keke ya tsaya ne a haɗa riga. Wuya ya ci gaba da zama na masu allura har zuwa lokacin da kuɗin man fetur suka malalo a shekarun 1970, aka biya ma'aikata ƙarin albashin da ake kira kuɗin Udoji, shadda ta wadata, sannan mulkin farar hula na 1979 ya mayar da babbar riga tufar ofis. Buƙata ta fi ƙarfin hannu. Nan kekunan surfani suka samu kasuwa: irin Cornely na Faransa, wanda ake sarrafa shi da 'yar mariƙa a ƙarƙashin tebur, da Phoenix, da wanda teloli ke kira tinko. Aikin wata biyu ya koma na yini biyu.

Abin da ya biyo baya a birnin Zariya ya isa a tsaya a kansa. Binciken Elisha Renne, wadda ta daɗe tana nazarin sana'ar tufa a can, ya nuna cewa daga wajen ƙarshen shekarun 1970 mata suka shiga aikin hannu na manyan riguna, aikin da a da na maza ne. Maza da yawa sun koma kan keke da wasu sana'o'i, allura ta faɗa hannun matan gida, waɗanda ladansu bai kai na maza ba. Manya kuma ba su daina neman aikin hannu ba. Yawaitar na keke ma sai ta ƙara masa daraja. Wato na'ura ba ta kashe tsohon aiki ba, ta dai sauya mai yin sa da abin da ake biyansa. Duk mai lissafin ko sabuwar fasaha za ta kori ma'aikata ya kamata ya san wannan labari.

Wahala ta gaske ta fara ne ranar da aka ɗaura wa keke mota aka jona shi da bango. An kafa hukumar wutar lantarki ta NEPA a 1972, ta zama PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarraba wuta a 2013, Kano da Katsina da Jigawa suka faɗa hannun KEDCO. Suna ya yi ta canzawa, amma wutar da Najeriya mai mutum fiye da miliyan 200 ke rabawa ta daɗe tana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000. Saboda haka kowane sabon keke mai gudu yana zuwa da ƙaninsa, janareta, shi kuma da jarkarsa. Mai son shaida ya leƙa ƙarƙashin tebur a shagon tela na zamani: zai ga dutsen guga na gawayi yana nan an ajiye shi saboda ɓacin rana, kuma ɓacin ranar kusan kullum ne.

A kan wannan ƙasa mai santsi keken kwamfuta ya sauka. Asalinsa ya fi yadda ake zato tsufa, domin tun 1804 Joseph-Marie Jacquard ya fito da masaƙar da ke karanta zane daga kwalaye masu huji a birnin Lyon, dabarar da masu ƙera kwamfutocin farko suka ara daga baya. Jikokin wannan masaƙa su ne injinan surfani masu kai da yawa, irin na Tajima na Japan da na China masu rangwamen kuɗi, waɗanda ake zana musu aiki da manhaja irin Wilcom, a zuba a filas, a danna, su yi wuyan riga mutum na tsaye yana kallo. Kuɗinsu miliyoyi ne. Wuta mai rawa tana ƙone musu allo. In suka tsaya, makanikin keken ƙafa ba abin da zai iya, sai a nemo masani, wani lokacin kuma a jira kayan gyara daga Legas ko daga China.

Teloli ba su ce a kai kasuwa ba, ba su kuma ci bashi kowa ya sayi nasa ba. Masu hali kaɗan suka saya, sauran suka riƙa yanka yadi a shagonsu, su aiki yaro ya kai wa mai kwamfuta, a biya kuɗin wuya da hannu, a dawo a haɗa. Tsarin injin markaɗe ke nan na unguwa, inda ba wadda ke sayen inji don miyar gidanta. Har sabuwar sana'a ta fito daga ciki: matashi mai kwamfutar cinya da ke zana aiki yana sayarwa ta WhatsApp, ko da yake kukansa kullum shi ne zanen da ya kwana yana yi, kafin mako ya zagayo ya bazu a gari kyauta.

Akwai dalilin da ya sa tela ke jan ƙafa wajen zuba jari, kuma duk wanda ya taɓa zaman jiran ɗinkin Sallah ya san shi. Kasuwar ɗinki ba ta tafiya daidai wa daida. Daga Sha'aban zuwa daren Sallah aiki ya fi ƙarfin shago, ana kwana a kan keke, ana saɓa alkawari; bayan Babbar Sallah kuma sai jiran biki da suna. Inji mai tsada ba ruwansa da kalanda, bashinsa wata goma sha biyu ne. Banki kuwa, in ma ya yarda ya saurari mutumin da ba shi da takardar fili, ruwan da zai ɗora ya isa ya kori mai sha'awa: a ƙarshen 2024 ma'aunin ruwa na Babban Banki kansa ya kai kashi 27.5 cikin ɗari. Ga kuma ɗimbin masu sana'a da ba sa kusantar bashin ruwa saboda addini.

Sannan 2023 ta zo da nata. An cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin kwanaki. An saki naira a watan Yuni, dala ta bar wajen 460 ta wuce 1,500 a farkon 2024, kuma kowane inji da kowane allo da dala ake shigo da su. A Nijar, wadda ke samun kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarta daga Najeriya, an yanke layin a watan Agusta bayan juyin mulki, ba a mayar ba sai Maris na 2024.

Kada a ɗauka telan nan mai gudun sabon abu ne. Wayar salula ta shigo a 2001, yau da wuya a samu shagon da ba a turo masa hoton ɗinki ta waya. Da takardun kuɗi suka yi ƙaranci a farkon 2023, cikin 'yan makonni lambar asusu ta hau bangon shaguna. Abin da ke da araha, yake aiki da batir, ake gyara shi a kasuwar waya ta Farm Centre, ba ya buƙatar wa'azi.

Yanzu ana maganar ƙirƙirarriyar basira. ChatGPT ya fito a Nuwamban 2022, Meta AI ya shiga WhatsApp ɗin 'yan Najeriya a Afrilun 2024. Masu tallarta suna cewa za ta zana sabon aiki, ta lissafa yadi, ta amsa wa masu kaya, ta tsara wa tela ranakunsa don ya daina saɓa alkawari. Wasu daga ciki gaskiya ne, kuma matasan teloli sun fara gwadawa. Amma irin wannan manhaja da rubutaccen bayani take aiki, shi kuwa shagon tela bayanansa suna cikin littafin awo mai maiƙo da aka cika da biro, sauran kuma suna cikin kan maigida: wane Alhaji ne ke son riga sakwaf, wa ake bi bashi tun Ƙaramar Sallah, wa ba a yi wa tuni saboda surukuta. Ga harshe. Google ya sa Hausa a manhajarsa ta fassara tun 2013, amma mai kaya da tela da saƙon murya suke magana, cikin Hausar kasuwa mai gauraye da sunayen yadi da na ɗinki, inda waɗannan manhajoji suka fi tuntuɓe. Ga kuɗi: dala 20 a wata da ake biya wa ChatGPT mai ƙarfi ta kai kimanin naira 30,000, a ƙasar da mafi ƙarancin albashi yake naira 70,000.

Sai kuma yaran shago. A ƙasashen da albashi ke da tsada, na'ura tana biyan kuɗin kanta ne da ladan ma'aikacin da ta maye. Yaron tela ba albashi yake ɗauka ba, kuɗin abinci ne da koyon sana'a, kuma galibi ɗan ɗan'uwa ne ko ɗan maƙwabci da aka kawo amana. Sallamarsa ba ta rage wani kashe kuɗi, sai dai ta jawo magana a unguwa. Ɗinkin kansa ma bai miƙa wuya ba tukuna: yadi abu ne mai laushi da mutum-mutumi ke shan wuyar riƙewa, shi ya sa manyan masana'antun Bangladesh da Vietnam har yau mutane ne zaune a kan kekuna.

Ƙididdigar hukumar bunƙasa ƙananan sana'o'i ta SMEDAN da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta 2021 ta ce ƙanana da matsakaitan sana'o'i a Najeriya sun kusa miliyan 40, mafi yawansu irin na mutum ɗaya ne da yaransa. Idan ƙirƙirarriyar basira za ta isa gare su, alama ta nuna ta hannun ɗan tsakiya za ta bi, wato wani matashi a bakin layi da ya iya ta, ake kai masa aiki ana biya kaɗan-kaɗan. Gwamnoni da 'yan majalisa da ke raba kekunan ɗinki da sunan tallafi duk shekara, da sun karkata kuɗin ga wuta da horar da masu gyaran injinan kwamfuta, da telolin sun fi amfana. An gwada irin haka a 2018, lokacin da aka sa wa shagunan Kasuwar Sabon Gari wutar sola, kowa na biyan gwargwadon abin da ya sha. Layukan telolin Fagge da na birnin Zariya su ma a kai musu.