Katin bashi: Ko daɗewa da banki na taimakawa?

Da yawa daga cikin masu neman katin bashi kan fara ne da bankin da suke ajiya a cikinsa, bisa tunanin cewa sanayya za ta sa a amince da buƙatarsu.

Tunanin na da ƙamshin gaskiya, sai dai ba yawan shekarun da mutum ya yi da banki ake ƙirgawa ba. Abin da bankin ya gani a asusunsa cikin waɗannan shekaru shi ne ke yin tasiri.

Katin bashi dai ya sha bamban da katin ATM, wanda mutum ke cirar kuɗinsa da shi. Da katin bashi kuɗin banki ake kashewa, a biya daga baya, kuma akasari ba tare da jingina ba.

Abin da ake dubawa

A Amurka, inda wannan kati ya karɓu sosai, banki kan nemi rahoton mai nema daga kamfanoni uku da ke tattara tarihin basussukan jama'a, wato Equifax da Experian da TransUnion.

Daga rahoton ne ake fitar da makin FICO, wanda aka ɓullo da shi a 1989, kuma yake kamawa daga 300 zuwa 850.

To amma rahoton ba ya nuna albashin mutum, ko abin da ke cikin asusunsa na ajiya.

A nan ne bankin da mutum ke hulɗa da shi ya fi sauran sani. Yana ganin ranar da albashi ke shiga, da yadda ake kashe shi, da abin da ke saura a ƙarshen wata.

Wannan na da muhimmanci domin wata doka da aka kafa a Amurka a 2009 ta wajabta wa bankuna su duba ko mai nema zai iya biya kafin su ba shi kati.

Waɗanda suka fi cin moriyar hakan su ne matasa da baƙi da ba su taɓa cin bashi a ƙasar ba, saboda haka ba su da maki ko kaɗan. A 2021 an bayar da rahoton cewa wasu manyan bankuna, ciki har da JPMorgan Chase da Wells Fargo, sun shirya musayar bayanan asusun ajiya domin bai wa irin waɗannan mutane kati.

Ga wanda makinsa ya riga ya lalace kuwa, da wuya sanayya ta cece shi, ko da manajan reshe ya san shi, domin kwamfuta ce ke yanke yawancin hukuncin.

Inda sanayya ke cutarwa

Bankin da ya ga alherin mutum, shi ne kuma ya ga cekin da ya rubuta babu kuɗi a asusu.

Yawancin bayanan rashin biyan bashi kan fita daga rahoton mutum bayan shekara bakwai a Amurka, shida a Birtaniya. Amma bankin da aka ci wa kuɗi na iya ci gaba da riƙe nasa bayanin, ya kuma ƙi bayar da kati bayan wa'adin ya wuce.

Akwai kuma batun haɗa ajiya da bashi a wuri guda. A Birtaniya banki na iya ɗibar kuɗi daga asusun mutum ya biya bashin katin da ya ƙi biya, yayin da dokar Amurka ta hana hakan sai da izinin mai asusun ko umarnin kotu.

A Najeriya alaƙar ta fi haka ƙarfi, domin bankuna sun fi bayar da katin ga ma'aikatan da albashinsu ke bi ta hannunsu, kuma da albashin ake auna iyakar abin da za a iya kashewa.

Lambar BVN da aka ƙaddamar a 2014 ta haɗa dukkan asusun mutum wuri guda, sannan a 2020 Babban Bankin Najeriya ya fito da tsarin da ya bai wa banki damar karɓo bashinsa daga asusun da wanda ake bi yake da shi a wasu bankunan.