Kalmomin da Ke Tarbar Matuƙin Jirgin Ruwa a Kyuba

Wanda ya shiga Kyuba ta jirgin sama, otal ne ke karɓarsa. Wanda ya shigo da ɗan jirgin ruwansa kuwa takarda ce ke karɓarsa, sunanta despacho. Ita ce izinin yawo a ruwan ƙasar. Duk tashar da ya tsaya, tun daga Marina Hemingway a yammacin Havana har Cienfuegos da Santiago de Cuba a kudu, sai jami'an Guarda Frontera sun duba ta, shiga da fita. Matuƙan da suka zaga tsibirin sukan yaba ladabin waɗannan jami'ai. Sai dai sunan rundunar na nufin masu gadin iyaka, kuma a tsibiri teku ce iyaka. Gadin bai tsaya kan mai shigowa ba. Ɗan ƙasa ba ya hawa jirgin baƙo sai da izini na musamman, don haka baƙon da aka karrama da abinci a gidan wani masunci ba shi da halin cewa gobe ku zo nawa.

Abin ya fi ciwo idan aka tuna cewa mulkin kansa ta jirgin ruwan shaƙatawa ya iso. A ranar 2 ga Disamban 1956 Fidel Castro da mutanensa, su 82, suka sauka a gabashin ƙasar daga Meziko cikin wani jirgi mai suna Granma. An ce Ba'amurken da ya mallake shi kafin su ne ya raɗa masa sunan, wato kaka da Turanci. Yau jaridar jam'iyyar kwaminis Granma take, lardin da suka sauka ma Granma, jirgin kuma yana ajiye cikin gilashi a Havana. Wanda ya bi tekun ya fita kuwa sunansa balsero, daga balsa, abin da ake harhaɗawa da katako da tiyub ɗin mota. A 1994 mutum fiye da 30,000 ne suka hau irinsu suka nufi Florida, tazarar kusan kilomita 150.

Da baƙon ya sauka neman guzuri, zai ga shago da mutane a bakinsa, ya shiga da kuɗinsa, a ce masa ba nasa ba ne. Wannan ita ce bodega, kuma ba a saye a cikinta sai da libreta, ɗan littafin rabon abinci da aka ƙirƙiro a 1962. A ciki ake rubuta shinkafa da sukari da wake da man girki da burodin kowane gida, a farashi mai rahusa ƙwarai. Rabon ba ya kai ƙarshen wata. Layin da ke bakin shagon ma ba layi ba ne a ido, kowa ya nemi inuwa ya zauna. Mai zuwa sai ya ɗaga murya ya ce "¿el último?", wato wa ne na ƙarshe? Wani ya amsa, shi ke nan ya san wanda yake bi.

Kalmar da ta fi kowace nauyi a wurina ita ce resolver. A ƙamus ma'anarta warware matsala. A bakin mutumin Havana kuwa ta fi kusa da abin da muke kira buga-buga: samo ƙwai ta hannun maƙwabciya, samo fetur ta hannun direban ma'aikata, gyara injin Chevrolet na shekarun 1950 da kayan motar Rasha. Ta yi ƙarfi a zamanin da gwamnati ta kira Período Especial, lokaci na musamman, bayan rushewar Tarayyar Sobiyet, sa'ad da tattalin arzikin ƙasar ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin uku tsakanin 1989 da 1993. Kalmar ba ta tambayar inda kaya suka fito, kuma ba ta kiran kowa ɓarawo, domin mai faɗinta ya san albashin hukuma ba ya ciyar da gida. Masuncin da ya matso da kwale-kwalensa da yamma ya miƙa wa baƙo kifi ya karɓi sabulu ko ƙugiya, abin da yake yi ke nan. Shi ya sa ba na gamsuwa da matafiyin da ya koma gida da labarin talakawa masu fara'a da kiɗa kawai. Fara'ar gaskiya ce, amma da ya kasa kunne da ya ji sau nawa ake furta resolver a wuni guda.

Wasu sunayen daga talabijin da silima suka fito. Gidan abincin da iyali ke buɗewa a falonsu paladar ake ce masa, daga wasan kwaikwayon Birazil mai suna Vale Tudo, inda wata mai tallar abinci ta bunƙasa har ta kafa gidajen abinci masu wannan suna. Da aka halatta su a tsakiyar shekarun 1990, kujera 12 kawai doka ta yarda a ajiye. Baƙon kansa yuma ne, Amurka kuma La Yuma, kuma galibi ana danganta sunan da wani fim ɗin kaboyi na 1957.

Akwai kuma kalmar da zai gani a allunan bakin hanya: bloqueo, toshewa. Amurka na kiran abin takunkumin ciniki, wanda Shugaba Kennedy ya cika shi a Fabrairun 1962. Matuƙi ya san toshe gaɓa na nufin jiragen yaƙi su tare hanya, kamar yadda aka yi a Oktoban wannan shekara lokacin rikicin makamai masu linzami, kuma ko a lokacin Kennedy bai yarda a kira shi toshewa ba, ya ce killacewa ce. Hujjar Kyubawa ta kiransa toshewa ita ce takunkumin yana bin har jiragen wasu ƙasashe: dokar Amurka ta 1992 ta hana jirgin kayan da ya yi ciniki a tashar Kyuba shiga tashar Amurka har kwana 180. Tun wannan shekarar, Babban Taron Majalisar Ɗinkin Duniya yake kaɗa ƙuri'a kusan kowace shekara yana neman a ɗage shi.