Sakatariyar asusun mata a ƙasar Korgom: yadda aikin ya faro da inda ya kai

A ƙauyukan Korgom da Bawdeta da Hawandawaki, har zuwa ƙasar Mayahi, da wuya ka sami unguwar da ba ta da asusun mata. Kowane asusu kuma yana da shugaba, da ma'ajiya, da sakatariya. Ta ukun nan ita ce aka fi rainawa, don ba ta riƙe kuɗi kuma ba ta yanke hukunci. Amma ranar da rigima ta tashi kan wa ta zuba, wa ta ci bashi, wa ta biya, kowa ita yake kallo. Tarihin kujerarta bai kai shekara saba'in ba, kuma ya kamata malaman makaranta da iyaye su san shi, saboda yarinyar da za ta hau kujerar gobe tana cikin ajinsu ko tana ɗakinsu yau.

Matan Hausa ba su jira gwamnati ko wata ƙungiyar waje ta koya musu haɗa kai ba. Akwai adashi da uwar adashi. Akwai biki, wato gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure, ita ma a rama mata da ƙari in tata hidimar ta zo. A fada kuwa akwai Iya a Maradi da Inna a Tsibirin Gobir, masu faɗa a ji a sha'anin mata. Duk wannan da ka ake riƙe shi. Tsohuwar da ba ta taɓa kama alƙalami ba za ta lissafa maka abin da ta kai gida ashirin a cikin shekara goma, ba ta ɓatar da ko dala. Guy Nicolas, Bafaranshen da ya daɗe yana nazarin al'adar kyauta a ƙasar Maradi, da Barbara Cooper, wadda littafinta kan aure a Maradi ya fito a 1997, duk sun nuna yadda wannan lissafi yake da tsauri. Ke nan aikin sakatariya ya girmi sunansa: tun asali ana bukatar wadda za ta tuna, a kuma yarda da tunawarta.

Sunan da kujerar sun shigo ne ta ƙofar gwamnati. A zamanin Diori Hamani akwai ƙungiyar mata da ke jingine da jam'iyyar RDA, kuma a tsakiyar shekarun 1960 aka fara aikin wayar da kan matan karkara, inda ƙauye ke zaɓar 'yan mata ƙalilan a horar da su kan kiwon lafiya da renon yara. Bayan juyin mulkin Seyni Kountché na 1974, aka kafa ƙungiyar matan Nijar ta AFN a 1975, shekarar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe wa mata. AFN ta zo da tsarin biro irin na Faransa, daga Yamai har ƙasa: shugaba, mataimakiya, sakatariya, ma'ajiya. A birni kujerar sakatariya takan faɗa hannun malamar makaranta ko ma'aikaciyar asibiti, don takardun duk da Faransanci ake yin su. A ƙauye kuwa yawanci suna ne kawai. Aikin da ya fi yawa shi ne tara mata in babban baƙo zai zo, a yi guɗa, a dafa abinci. Ba wani littafin da za a cika, balle a tambayi abin da ke cikinsa.

Shekarar 1991 ce ta canza lamarin, ta fuska biyu. Ranar 13 ga Mayu dubban mata suka yi tattaki a Yamai suna neman a ƙara musu wakilci a kwamitin shirya babban taron ƙasa, kuma ranar ce ta zama ranar matan Nijar. A wannan shekarar kuma, nesa da hayaniyar Yamai, ƙungiyar CARE ta soma wani ɗan gwaji a jihar Maradi, a ƙauyuka irin su Kagadama, ƙarƙashin wata 'yar ƙasar Nowe mai suna Moira Eknes. Aka sa wa shirin suna Mata Masu Dubara. Ba a kawo wa matan ko tamma ɗaya ba. Abin da aka kawo shi ne akwatin ƙarfe mai kwaɗo uku da wasu 'yan ƙa'idoji. Mata kamar talatin su haɗu, kowane mako kowa ta zuba daidai abin da aka amince, a ba mai bukata bashi ta maido da ɗan ƙari, a ƙarshen zagaye a fasa akwati a raba. Daga nan tsarin ya bazu cikin gundumomin jihar, har da Tasawa da Mayahi, ya tsallaka sauran jihohi, daga baya ya kai ƙasashe da dama na Afirka da Asiya.

An gina tsarin ne yadda zai tafi ba tare da rubutu ba. Da gangan aka yi haka. In a cikin mata talatin ɗaya ce kawai ta iya karatu, to duk abin da ta rubuta ya zama gaskiya, sauran ashirin da tara ba su da hanyar musantawa. In kuma ba ko ɗaya, sai a ɗauko namiji, shi ke nan asusun mata ya koma aljihun maza. Don haka aka mai da lissafin abin da kowa ke gani da ido, yake ji da kunne. Mabuɗan nan uku suna hannun mata uku daban, kuma wadda akwatin ke kwana ɗakinta ba ta da ko ɗaya. Ba a buɗe shi sai a gaban taro. Kuɗi a tsakiyar tabarma ake ƙirga shi da ƙarfi. Mai cin bashi tana da shaida a cikin 'yan uwanta, wadda za ta tuna mata nawa ne da ranar biya. Wasu ƙungiyoyi kan ajiye tsakuwa ɗaya kowane zama don sanin makonni nawa aka yi.

To ina aikin sakatariya a nan? Ita ce bakin taro. Takan kira suna ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi wadda ba ta zo ba da wadda ta makara don a ci ta tara, ta maimaita jimillar da aka ƙirga, kafin a watse kuma ta tabbatar kowa ya ji abin da aka kulle a akwati. Mako mai zuwa da wannan adadin ake buɗe zama, in bakin mata bai zo ɗaya da abin da aka tarar ba, ba a ci gaba sai an gano inda aka saɓa. Wanda ya kira wannan ci baya bai dube shi da kyau ba. Bincike ne na mutum talatin a kan kuɗi ɗaya kowane mako, abin da ofisoshi da yawa masu kwamfuta ba sa samu ko sau ɗaya a shekara.

Sai dai ƙwaƙwalwa tana da iyaka, kuma nasarar asusun ce ta kai shi ga iyakar. Matuƙar kowa na zuba abu ɗaya, lissafi mai sauƙi ne. Da wasu suka fara zuba hannu biyu ko uku, basussuka suka yi yawa, sai ya fi ƙarfin ka. Ƙungiyoyi suka haɗu suka zama tarayya. Bayan yunwar 2005, wadda ta yi wa jihar Maradi mummunan kamu, rumbunan tsimi suka ƙaru a hannun mata, ga buhunan hatsi da za a saya da kaka a fitar da bazara tiya-tiya, kowace tiya da sunan wadda ta karɓa. A wasu wurare aka shigo da ɗan littafi na kowace mace, ana buga hatimi ɗaya kan kowane hannu da ta zuba, don ko wadda ba ta karatu ta iya ƙirga nata. Dabara ce mai kyau, amma ba ta isa hukuma ba.

Hukuma takarda take nema. Dokar ƙungiyoyi ta 1984 da dokar ƙungiyoyin haɗin gwiwar karkara ta 1996 duk sun shar'anta rajista. Daga baya dokar OHADA ta 2010, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da ta shafa, ta ƙara tsaurara tsarin ƙungiyoyin haɗin gwiwa. Kafin a ba ƙungiya takardar izini sai ta kawo tsarin mulkinta a rubuce, da sunayen membobi, da rahoton zaman da aka zaɓi shugabanni. Ba takardar izini, ba buɗe ajiya a banki, ba tallafin iri ko taki da sunan ƙungiya. Tun zaɓen ƙananan hukumomi na Yulin 2004, da Korgom ta samu majalisarta da magajin garinta, ofishin da ake kai waɗannan takardu ya matso kusa. Dokar kaso ta 2000, wadda ta ware wa mata aƙalla kashi 10 cikin ɗari na kujerun zaɓe kafin a ɗaga shi zuwa 15 a 2014 da 25 a 2019, ta sa jam'iyyu neman 'yan takara mata a karkara, kuma da yawa daga waɗanda suka zama kansiloli a asusun mata suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana.

A nan ne giɓin ya fito fili. Binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna kashi 14 cikin ɗari ne kawai na matan Nijar masu shekara 15 zuwa 49 ke iya karatu, kuma a karkara abin ya fi haka muni. Binciken ya kuma nuna kusan uku cikin huɗu na 'yan mata ana aurar da su kafin shekara 18, Maradi na kan gaba. Saboda haka ƙungiya takan ari hannu: ɗalibin da ya zo hutu, mijin wata, malamin lakol, ko wakilin ƙauye mai horar da su. Yawancinsu mutanen kirki ne. Amma hannun aro ba ya nan kullum, kuma abin da aka guje wa a 1991 ya dawo ta taga, wato littafin da masu kuɗin ba za su iya dubawa ba.

Akwai wata matsala da na ga ba a cika magana a kanta ba, alhali ta shafi malamai kai tsaye. A baki da dala muke ƙirga kuɗi, a takarda kuwa da tamma. Mace ta ce ta zuba dala ashirin, abin da ya kamata a rubuta shi ne 100. Mata talatin sun zuba dala ɗari shida, wato jika uku, a littafi 3000. Wata ta ci bashin jika biyar za ta ɗora dala ɗari, a rubuta 5000 da 500. Kowane adadi sai an ninka shi sau biyar tsakanin kunne da alƙalami, a kuma raba shi gida biyar in za a karanta wa taro. Sakatariyar da ta rubuta 20 a madadin 100 ba ta yi sata ba, amma ranar da jami'i ya buɗe littafin zai ga kashi ɗaya cikin biyar na dukiyar ƙungiya. Yaro yana iya gama firamare ya iya ninkawa a allo da Faransanci, a ba shi wannan aiki ya rikice, don ba a taɓa haɗa masa lissafin aji da na kasuwar garinsu ba.

Gyaran wannan ba ya bukatar sabon gini. Malamin aji biyar ko shida yana iya ɗaukar zaman asusu ya mai da shi darasi: a ja layuka huɗu, suna, zubi, bashi, biya, a juya dala zuwa tamma, a rubuta rahoton zama cikin layi biyar da Hausa. Ba sabon abu ba ne a ƙasar nan, tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da harshen gida a Damagaram, kuma kundin da aka zartar a watan Maris na 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Abin da ya rage shi ne ofisoshin ƙananan hukumomi su riƙa karɓar rahoton da aka rubuta da Hausar boko ba tare da an ce a je a fassara ba.

Iyaye kuma, musamman uwayen da ke cikin asusu, su ne suka fi kowa sanin wahalar neman mai rubutu ranar rabo. Dokar da aka sa wa hannu a watan Disamba na 2017 don kare karatun 'ya mace tana nan, amma ba ita ke yanke shawarar cire yarinya daga lakol a aji huɗu ba, a cikin gida ake yanke ta. Yarinyar da aka bari ta kammala aji shida za ta iya zama gefen sakatariya tun tana ƙarama, tsohuwa na faɗa da ka, ita tana rubutawa, sannan ta karanta wa taro abin da ta rubuta a gwada shi da abin da mata talatin suka riƙe, kafin a rufe kwaɗo na uku.