Dara

Dara wasa ne na mutum biyu da aka sani a ƙasar Hausa, har da garuruwan kudancin Sakkwato irin su Jabo da Tambuwal. Ana haƙa gurbi 30 a ƙasa, kowane ɗan wasa yana da tsinke ko tsakuwa 12. Wanda ya jera uku sai ya ci ɗaya na abokin karawarsa.

Majalisa da waya

A majalisa ake koyon dara, ta hanyar kallon manya, domin ƙa'idojinta a baki ake gadonsu. Wasannin waya kamar Ludo King, wanda ya fito a 2016, suna haɗa 'yan wasa na nesa ta intanet, amma sai da data da caji. Inda matasa suka daina zama majalisa, masu gadon dara kan ragu.