Talabijin na dijital ta eriya a yankin Gwandu da Kalgo

Talabijin na dijital ta eriya, wanda ake taƙaita sunansa da DTT, hanya ce ta watsa shirye-shiryen talabijin daga na'urar watsawa da ke kan doguwar hasumiya a doron ƙasa zuwa eriyar gida, ba tare da an bi ta tauraron ɗan'adam ko intanet ba. Ana mayar da hoto da murya su zama lambobi kafin a tura su, sannan dikoda ko talabijin ɗin da kansa ya sake fassara su. Gwandu da Kalgo ƙananan hukumomi biyu ne daga cikin 21 na Jihar Kebbi, kuma dukansu suna kewayen Birnin Kebbi, inda gidajen talabijin na jihar suke. Bambancin nisansu daga babban birnin ya sa yadda ake kama sigina a ɗayansu ya sha bamban da na ɗayan.

Tarihi

An buɗe gidan talabijin na farko a Najeriya, WNTV, a Ibadan a ranar 31 ga Oktoba, 1959. Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata a Kaduna a 1962, sannan Sakkwato ta samu tasha a tsakiyar shekarun 1970. A 1977 aka kafa Hukumar Talabijin ta Ƙasa, NTA, wadda ta haɗe tashoshin da ake da su a lokacin. Bayan an cire Jihar Kebbi daga Jihar Sakkwato a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta samu tashar NTA da kuma gidan talabijin na jiha, KBTV. Duk waɗannan tashoshi sun fara aiki ne da tsohon tsarin analog.

A 2006 ƙasashen Turai, Afirka da Gabas ta Tsakiya suka ƙulla yarjejeniya a birnin Janiba ƙarƙashin Ƙungiyar Sadarwa ta Duniya, ITU, cewa za su bar analog a zangon UHF zuwa ranar 17 ga Yuni, 2015. Najeriya ta fara ɗibar wa kanta wa'adin watan Yunin 2012, amma ba ta cika shi ba. Haka wa'adin 2015 da na 2017 suka wuce.

Hukumar Kula da Kafafen Watsa Labarai ta Ƙasa, NBC, wadda aka kafa a 1992, ita ke jagorantar sauyin. An ƙaddamar da gwajin farko a Jos a ranar 30 ga Afrilu, 2016, sai Abuja a watan Disambar shekarar. Ilori da Kaduna sun biyo baya a Disambar 2017, Enugu da Osogbo a farkon 2018, Legas a Afrilun 2021, sannan Kano a Nuwambar 2021. Ana kiran tsarin na gwamnati FreeTV. An ba kamfanoni biyu aikin rarraba sigina: ITS, wanda aka cire daga jikin NTA kuma ya yi aikin Jos, da Pinnacle Communications, wanda ya yi na Abuja da Kaduna. Jihar Kebbi ba ta cikin jihohin da aka ƙaddamar da shirin a tsakanin 2016 da 2021.

Kafin shirin gwamnati, kamfanonin da ake biya duk wata sun riga sun kawo wannan fasaha manyan biranen ƙasar. StarTimes ya fara aiki a 2010 da haɗin gwiwar NTA, GOtv kuma ya shigo a 2011.

Yadda tsarin yake aiki

Najeriya ta zaɓi tsarin DVB-T2, wanda aka fara amfani da shi a Birtaniya a ƙarshen 2009, tare da hanyar matse hoto ta MPEG-4. An ware wa talabijin zangon UHF daga megahaz 470 zuwa 694, wato tashar lamba 21 zuwa 48, kuma kowace tana da faɗin megahaz 8.

A zamanin analog, wannan faɗi na megahaz 8 tasha ɗaya kacal yake ɗauka, kuma kowane gidan talabijin sai ya kafa hasumiyarsa, ya sayi na'urarsa, ya zuba man janaretansa. A tsarin DVB-T2 faɗin nan yana iya ɗaukar bayanai kusan megabit 40 a daƙiƙa, abin da ke ba da damar haɗa tashoshi goma sha wani abu zuwa ashirin a dunƙule ɗaya. Saboda haka aka raba aiki gida biyu: gidajen talabijin su shirya shirye-shirye, kamfanin rarraba sigina ya watsa su duka daga hasumiya guda. Zangon da ya rage, daga megahaz 694 zuwa sama, ana mayar da shi ga kamfanonin wayar salula domin intanet.

Sigina ba ta tafiya a igiya ɗaya. Ana rarraba ta a kan dubban ƙananan zanguna, tare da ƙarin lambobi da ke taimaka wa dikoda ta gyara kurakuran da suka faru a hanya. Wannan ne ya kawar da inuwar hoto da ake gani a analog idan sigina ta bugi gini ko tudu ta dawo.

Nisa da tsawon eriya

Siginar UHF kusan a miƙe take tafiya, kamar haske, kuma lanƙwasar duniya tana tare ta. Injiniyoyi suna ƙiyasta iyakar inda za ta kai, a kilomita, ta hanyar haɗa tushen murabba'in tsawon hasumiya da na tsawon eriyar gida, a mita, sannan a ninka da 4.1. Misali, hasumiya mai tsawon mita 100 da eriya mai tsawon mita 10 suna ba da kimanin kilomita 54 a shimfiɗaɗɗen fili. Idan eriyar mita 4 ce kawai, nisan yana komawa kimanin kilomita 49.

Garin Kalgo yana kudu da Birnin Kebbi da tazarar kimanin kilomita 15. A irin wannan nisa sigina daga na'urar da ke babban birnin tana isa da ƙarfi, kuma ƙaramar eriya a saman kwano takan wadatar idan ta fuskanci arewa. Ƙauyukan ƙaramar hukumar da suka yi nisa zuwa kudu ko suka faɗa cikin kwari suna buƙatar sanda mai tsawo.

Garin Gwandu, inda Abdullahi ɗan Fodiyo ya kafa mazauninsa a ƙarni na 19, yana gabas da Birnin Kebbi da tazarar kimanin kilomita 50. Ƙarfin sigina yana raguwa daidai da murabba'in nisa ko da babu abin da ya tare ta, don haka abin da zai isa Gwandu bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda zai isa Kalgo ba. Bugu da ƙari, bisa lissafin da ke sama, garin yana daf da iyakar inda hasumiya mai mita 100 za ta iya kaiwa. A nan ƙarin mita biyar ko shida a tsawon sanda yana iya zama bambanci tsakanin samun hoto da rashinsa. Eriya za ta fuskanci yamma. Sakkwato kuwa tana arewa maso gabas da Gwandu da kimanin kilomita 90, nisan da ya wuce abin da eriyar gida ke kamawa a kullum.

A analog, idan sigina ta yi rauni hoto yana yin yayyafi amma ana ci gaba da kallo. Dijital ba ta da wannan tsaka-tsakin. Muddin sigina ta kai gejin da dikoda ke buƙata, hoto yana fita tas. Da zarar ta yi ƙasa kaɗan sai hoton ya tsinke ya zama ƙananan murabba'ai, murya ta yanke, allo ya yi baƙi. Shi ya sa garuruwan da ke gefen zangon na'ura suka fi fuskantar haɗarin rasa tashar da suka saba kallo a ranar da aka kashe analog, sai dai idan an kafa musu ƙananan na'urorin ƙarin zango.

Kayan aiki

Mai kallo yana buƙatar dikoda mai karɓar DVB-T2, ko talabijin da aka ƙera da ita a ciki. Dikodar dish ba ta kama siginar eriya, domin tsarinta DVB-S2 ne. A wuri mai nisa an fi amfani da eriya mai haƙarƙari da yawa, samfurin Yagi, wadda ke tattara sigina daga fuska ɗaya. Tsawon igiyar sigina a megahaz 600 rabin mita ne, shi ya sa haƙarƙarin eriyar UHF gajeru ne.

Waya mai ohm 75, kamar RG-6, ita ce ta dace. Doguwar waya, ƙulli a tsakiya, da tsatsa a mahaɗi duk suna cinye sigina kafin ta isa ɗaki. Busta tana amfani ne idan an ɗaura ta kusa da eriya, amma ba ta ƙirƙiro siginar da babu. Kusa da na'urar watsawa ma tana iya cika dikoda da ƙarfi har hoto ya lalace. Dikoda tana nuna ma'auni biyu, ƙarfi da inganci, kuma na ingancin ake dubawa yayin juya sanda.

Yanayi

Ruwan sama bai cika taɓa siginar UHF ba, saɓanin dish da ke ɗaukewa idan hadari ya haɗu. Matsalar damina ita ce iska da ke juya eriya, ruwan da ke shiga mahaɗin waya, ganyen bishiyoyi kamar dalbejiya da ke ƙara duhu a gaban eriya, da tsawa. Saboda tsawa ake haɗa sandar ƙarfe da ƙasa ta hanyar waya mai kauri. A lokacin hunturu, iska mai sanyi takan kwanta ƙarƙashin mai ɗumi da dare da asuba, sai sigina ta lanƙwaso ta yi tafiya fiye da yadda ta saba. A irin wannan lokaci tashoshin nesa sukan bayyana su ɓace da hantsi, ko su yi wa na kusa katsalandan. Da yake Kebbi tana iyaka da Nijar da Benin, rabon zanguna a yankin yana bin tsarin da aka amince da shi a yarjejeniyar Janiba.

Muhimmanci da ƙalubale

Jihar Kebbi tana da faɗin fiye da murabba'in kilomita 36,000, kuma hasumiya ɗaya ba za ta haɗa Birnin Kebbi da Yawuri da tuddan Zuru ba. Kowace ƙarin na'ura tana buƙatar wutar lantarki dare da rana, tsaro da ma'aikata. Tsadar wannan aiki a karkara na daga cikin dalilan da suka sa NBC ta koma duba haɗin gwiwa da kamfanin tauraron ɗan'adam na ƙasa, NIGCOMSAT, domin isa wuraren da hasumiya ba ta kaiwa.

Dish yana kawo tashoshin ƙasa baki ɗaya da na ƙetare, amma eriya ita ce hanya mafi sauƙi da ƙaramar tasha ke isa ga mutanen da ke kewaye da ita. Sanarwar ganin wata, labaran fada, gargaɗin ambaliya ga manoman shinkafa a fadamun Gulbin Kebbi, tafsirin azumi da shirye-shirye cikin Hausa da Fulatanci, duk sun fi fitowa daga tashoshin gida. Tsarin dijital yana rage wa irin waɗannan tashoshi kuɗin watsawa, amma amfaninsa ga mazauna Gwandu da ƙauyukan Kalgo ya dogara ne da inda aka kafa hasumiya, tsawonta, da kuma farashin dikoda a kasuwa.